Allurar Geji Ba Mudu Ba Ce

Duk inda masu mota suka zauna, ko a garejin makanikai ko a rumfar dillalai ko a majalisar bayan Isha'i, da wuya a tashi ba a taɓo maganar shan mai ba. Kuma kusan kullum da ma'auni biyu ake yanke hukunci. Wani zai ce, "Na zuba na dubu talatin, na je Zariya na dawo Kano, har da saura." Wani ya karɓe, "Ai tawa daga nan har Kaduna allura ko motsi ba ta yi." A kan irin waɗannan maganganu ake yabon mota ko a kushe ta, a kansu ake ɗaga kuɗinta ko a karya shi a kasuwa. Abin da aka yarda da shi a ƙarƙashinsu shi ne, shan mai hali ne da mota ta fito da shi daga kamfani, kuma mai ita yana iya gane shi da ido, ta hanyar allurar geji da kuɗin da ke fita daga aljihunsa.

Ba na raina masu wannan fahimta, domin ba daga sama suka tsinto ta ba. Direban da ya shekara ashirin yana lodin Kano zuwa Katsina da mota ɗaya, a hanya ɗaya, da fasinja kusan adadi ɗaya, yana shan mai a gida ɗaya, in ya ce maka yau motarsa ta sha fiye da yadda ta saba, to ka saurare shi da kyau. Maimaicin da ya yi shekara da shekaru shi kansa awo ne, ko da bai taɓa rubuta komai ba. Inda nake da ja shi ne lokacin da aka ɗauki wannan sani, wanda ya tsaya a kan mota ɗaya da hanya ɗaya, aka mai da shi ma'aunin kowace mota, har ana tuhumar mutane da shi.

Maganar naira ita ce mafi sauƙin warwarewa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a jawabinsa na karɓar mulki, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a garuruwa da yawa. Naira dubu goma da take ba ka lita hamsin ta koma ba ka lita goma ko ƙasa da haka. Tun daga nan farashin bai zauna wuri ɗaya ba, yau ya hau gobe ya sauka, kuma gidajen mai biyu da ke kallon juna a titi ɗaya suna iya bambanta. Wanda ya ce na dubu talatin ya kai shi Zariya ya dawo da shi bai faɗi komai game da motarsa ba sai mun san a nawa ya sayi lita, da kuma abin da ke cikin tankin kafin ya zuba. Wannan na biyun shi aka fi mantawa. Mutum zai zuba sabon mai a kan tsoho, ya ƙona duka biyun, sannan ya ba sabon lada shi kaɗai.

Allurar geji ce ta fi yaudara, saboda tana kama da ma'auni na gaske: ga layuka, ga rabi, ga kwata. Amma a duba yadda take aiki. A cikin tanki akwai fulot, wani ɗan abu mara nauyi da ke yawo a saman mai, an haɗa shi da siririn ƙarfe. In mai ya ragu ya yi ƙasa, in an ƙara ya yi sama, kuma wannan hawa da sauka ake aikawa allura. Ke nan tsayin mai a cikin tanki take nunawa, ba yawansa ba. Da a ce tankin mota akwati ne mai kusurwa huɗu daidai wa daida, da tsayi da yawa sun tafi tare. To ba haka yake ba. An ƙera shi ne ya shige duk gurbin da ya rage a ƙarƙashin kujerar baya, ya kauce wa salansa da ƙafafun mota, wani wuri faɗi wani wuri matsattse. Saukar yatsa ɗaya a inda tankin ke da faɗi ta fi saukar yatsa ɗaya a inda ya tsuke yawan lita. Bayan haka, in aka cika tanki fal, fulot yana maƙalewa a can sama a nutse, ga kuma man da ya tsaya a wuyan tanki. Sai an ƙona litoci masu dama kafin ya fara sauka. Wannan shi ne sirrin allurar da ba ta motsa ba har Kaduna: mai yana ƙonewa tun daga Na'ibawa a Kano, allurar ce ba ta samu labari ba. Shi ya sa kuma masu mota da yawa ke cewa rabin farko yana daɗewa, rabin ƙarshe kuma yana gudu. A can ƙasa ma haka ne, lokacin da fitilar gargaɗi ta kama akwai sauran litoci da kamfani ya ɓoye domin kada mutum ya tsaya a daji. In ka ajiye mota a gangare allura ta faɗi magana ɗaya, in ka dawo shimfiɗaɗɗen wuri ta faɗi wata. An yi ta ne don ta ce maka lokacin neman gidan mai ya yi, kuma wannan aikin tana yin sa da kyau.

Babu magidancin da zai shiga kasuwar Dawanau ya sayi gero ta hanyar kallon inda ya kawo a jikin buhu. Mudu zai ce a kawo. Fetur ma mudunsa yana nan, lita ce da kilomita.

Yadda ake awon ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Ka shiga gidan mai ka ce a cika tanki, a tsaya daidai lokacin da bakin famfon ya katse da kansa karo na farko. Kada a ci gaba da ɗiga, kada kuma yara su kama mota suna jijjigawa don a ƙara cusa lita ɗaya. Wannan jijjigar da muke gani a gidajen mai tana ɓata awo, domin ba za ka iya maimaita ta daidai ba, kuma man da ya wuce iyaka yana iya shiga gwangwanin gawayin da aka sa don kama tururin fetur ya lalata shi. Kafin ka tashi, ka mai da mitar tafiya sifiri, ko ka rubuta lambar da babbar mita ke nunawa. Sai ka ci gaba da harkokinka yadda ka saba. In mai ya yi ƙasa sosai, ka koma gidan man nan, in da hali famfon nan, motar tana fuskantar inda ta fuskanta a karon farko, a sake cikawa zuwa katsewar farko. Litar da ta shiga a wannan karo na biyu ita ce ainihin abin da ka ƙona. Misali, mita ta nuna kilomita 420, famfo ya nuna lita 38. Raba 420 gida 38, ka samu kilomita 11 a kowace lita, wato kimanin lita 9 a kilomita ɗari. Ka ga a lissafin nan ba a tambayi allura ba, ba a tambayi farashi ba, ba a ma bukaci sanin girman tankin ba.

Awo ɗaya bai isa a yanke hukunci ba, kuma a nan ne masu gwadawa da yawa ke yin gaggawa. Famfo ba ya katsewa a wuri ɗaya kullum. Kumfar mai da saurin zuba da karkatar ƙasa suna iya kawo bambancin lita ɗaya ko ɗaya da rabi. In tafiyar da ka auna ta lita goma ce kacal, wannan bambanci ya kai kashi 15 cikin ɗari, ya isa ya mai da lafiyayyar mota mashayiya a idonka. In kuwa ka tara tanki huɗu a jere, lita 150, ka haɗa kilomitocinsu duka ka raba sau ɗaya, kuskuren bai wuce kashi ɗaya ba. Ko da aljihu bai ba ka damar cika tanki kullum ba, hanyar tana aiki: ka cika a farko, ka riƙa rubuta duk litar da ka zuba a tsakani komai ƙanƙantarta, ka cika a ƙarshe, sannan ka haɗa. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne man galan na 'yan bumburutu, domin ba ka da tabbacin yawan abin da ke cikin jarkar.

Akwai wasu ramuka da ke jiran mai awo ko da ya yi niyya mai kyau. Motoci da yawa da ke shigo mana an yi su ne don kasuwar Amurka, mitarsu mil take ƙirgawa ba kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne da ɗan ɗoriya. Tafiyar kilomita 420 ɗin nan, a irin wannan mota, kimanin 260 za ta nuna. Wanda bai lura ba zai raba 260 gida 38 ya samu ƙasa da 7, hankalinsa ya tashi, ya nufi gareji da motar da babu abin da ke damunta. Haka kuma mitar mota juyawar taya take ƙirgawa. In an sa taya mafi girma don motar ta ɗaga daga ramukan hanya, kamar a cire mai lamba 195/65 a sa 215/65 a kan rim 15, kewayen taya ya ƙaru da kusan kashi 4 cikin ɗari, mitar kuma za ta riƙa rage maka tafiya da daidai wannan. Sannan ga tudu da gangare. Jos tana kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, Abuja ba ta kai rabin haka ba. Wanda ya auna motarsa a saukowa daga Jos zai yi murna, wanda ya auna a hawa zai yi baƙin ciki, alhali mota ɗaya ce. Sai an je an dawo awon ke cika. Na ƙarshe shi ne famfon kansa. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, tana rufe gidajen mai saboda tauye lita, don haka matsalar ba ƙage ba ce. In famfo ya rubuta 38 alhali 35 ya zuba, motarka ce za ta ɗauki laifin. Mai riƙe da lissafi yana saurin gane irin wannan gida, domin duk ranar da ya sha mai a can alkalumansa sai sun lalace.

Wani zai ce motarsa ta zamani ce, tana rubuta masa shan manta a allo. Wannan ya fi allura sosai, kuma yana da amfani wajen ganin yadda ƙafarka ke canza lissafi nan take. Sai dai ƙiyasi ne da kwamfutar mota ke yi daga tsawon lokacin da injekta ke buɗewa, kuma sau da yawa yana ɗan yi wa motar kara. A gwada shi da awon tanki sau biyu ko uku a san yawan karar, daga nan sai a riƙa cirewa. Alkaluman da kamfani ke bugawa ma a riƙe su da hankali. A ɗakin gwaji ake samo su, mota tana gudu a kan nadi ba tare da rami ko ƙura ko cunkoson Ƙofar Ruwa ba. A 2012 kamfanonin Hyundai da Kia sun amince cewa alkaluman da suka liƙa wa wasu motocinsu a Amurka sun zarce gaskiya, a 2014 kuma suka biya tarar dala miliyan 100. Turai ta fara sauya tsarin gwajinta gaba ɗaya a 2017 saboda tazarar da ke tsakanin takarda da titi ta yi yawa. In injiniyoyi da na'urorinsu suna samun saɓani a kan wannan lamba, bai kamata mu jingina da kallon allura ba.

Yanzu ga ɗaya rabin maganar, cewa shan mai halin mota ne. Akwai gaskiya a ciki. Mota mai nauyi da babban inji tana cin mai fiye da ƙarama, kuma mai fulogi shida galibi ta fi mai huɗu sha, musamman a cikin gari. Amma duk wanda ya riƙe lissafi na wata biyu zai ga mota ɗaya tana ba shi lambobi masu nisa da juna, kuma bambancin daga hanya da ƙafa da gyara yake zuwa.

Gudu shi ne babba a doguwar hanya. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, tana ninkuwa ne: a gudun 120 ta fi ta gudun 100 da kashi 44 cikin ɗari, a gudun 140 kuwa ta kusa ninki biyu. Ba duka man ke tafiya wajen ture iska ba, don haka shan mai ba zai ninka ba, amma zai hau hawan da tanki zai shaida. Yawancin motoci sun fi tattali tsakanin gudun 60 da 90 a babbar giya. In aka ɗora kaya a rufi, ko aka bar but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya sun leƙo waje, yadda ake yi wa Golf da Sharon a tashoshinmu, an ƙara wa iska wurin kamawa. A cikin gari kuma burki ne ke cin mai. Duk lokacin da ka taka totur ka ɗauki gudu, sannan ka taka burki a bayan wata Adaidaita, man da ka ƙona don samun gudun ya tafi a zafin burki. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin fizga da burki yana iya rage nisan da lita ke kaiwa da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari a cunkoso, ta kuma ce a tsananin zafi na'urar sanyaya mota tana iya rage shi da fiye da kashi 25, musamman a gajerun tafiye-tafiye. Wanda ya san Afrilun Sakkwato ko Maiduguri ya san a wane ɓangare muke. Ban ce a kashe esi a gasa iyali ba. Na ce a san kuɗinsa, kada a ɗora wa inji laifinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne dabarun da ake yi da sunan tattali ko kare inji, alhali su ne ke ƙara sha. Na farko cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye. Hujjar da ake bayarwa ita ce an sa shi ne don ƙasashen sanyi, mu kuwa zafi gare mu. Na fahimci tsoron, domin wanda inji ya taɓa ƙone masa a hanya ba ya mantawa. Amma an tsara injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai kusan digiri 90, kuma muddin bai kai ba, kwamfutar mota tana ɗaukar cewa har yanzu bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Aikin tamostat shi ne ya kai shi wannan zafi da wuri ya riƙe shi a can. In an cire, da safiyar hunturu ko a buɗaɗɗiyar hanya injin yana iya wuni bai kai ba. In mota tana zafi, a duba lagireto da famfon ruwa da fanka, a sauya tamostat in ya mutu, ba a jefar da shi ba. Haka barin fitilar gargaɗin inji tana ci wata da watanni, ko a liƙe ta da baƙin tef. Sau da yawa sensar da ke shinshinar hayaƙi a salansa ce ta mutu, kuma in ta mutu kwamfuta ba ta da mai gaya mata ta rage mai.

Sai sakin mota a firi a gangare. A zamanin kafireta, lokacin da Fijo 504 ta Kaduna ke mulkin hanyoyinmu, wannan dabara tana da ɗan abin da take ragewa, kuma daga can aka gaje ta. A motar injekta lamarin ya juye. In ka ɗage ƙafa daga totur motar tana cikin giya, ƙafafun ne ke juya inji, kwamfuta kuma takan datse mai gaba ɗaya. In ka sa firi, dole inji ya ci gaba da shan mai don kada ya mutu. Ko da ma akwai riba, ba ta kai a sauko Hawan Kibo da burki kaɗai ba, domin burkin da ya yi zafi yana daina kamawa, kuma rayukan da ke cikin motar sun fi lita. Ɗumama mota na minti goma kowace safiya ma gadon wancan zamani ne. Injin matsakaiciyar mota yana ƙona kusan lita ɗaya a awa yana tsaye, minti goma kullum kuma awa biyar ne a wata, ba tare da an matsa ko taku ɗaya ba. Minti ɗaya ya isa baƙin mai ya zagaya, sai a tashi a hankali. Iskar taya tana da nata tasiri, ƙarami ne amma na kullum, kuma adadin da ya dace galibi yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba a ƙwaƙwalwar mai faci ba.

Dalilin da ya sa na ɗauki maganar nan da zafi ya wuce kuɗi. A kan allurar geji ana korar direbobi. Maigida zai zuba mai ranar Litinin, ya leƙa ranar Laraba ya ga allura ta faɗo ƙasa da rabi, zuciyarsa ta ba shi cewa an zuƙe masa tanki. Bai lissafa awannin da motar ta yi a kunne a ƙofar makaranta ana jiran yara da esi ba, bai kuma san rabin ƙasa yana saurin sauka ba. Ana satar mai, ba na musun haka, amma zato zunubi ne, kuma mutumin da aka kora da sunan sata yana ɗauke da tabon zuwa duk gidan da ya nemi aiki. Haka ake zargin makaniki ya taɓa wani abu, ko dillali ya yi ƙarya, ko a sauke inji mai lafiya a sa wani. Ƙaramin littafi a aljihun mota yana raba wannan gardama. Duk shan mai a rubuta kwanan wata da lambar mita da lita da sunan gidan man, a ƙara kalma ɗaya ko biyu kan irin tafiyar, gari ko hanya, da esi ko babu. Maigida da direba su duba tare a ƙarshen wata. In motar da ta saba ba da kilomita 11 a lita ta koma 9 a tanki uku a jere, a hanyoyin da aka saba kuma a gidan man da aka saba, to lokacin zuwa gareji ya yi. A tafi da littafin, a ce wa makaniki ya sa mata na'urar bincike kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya.